Romeo da Juliet: gaggawar wa ce ta kashe su, ta yaran ko ta manyan?

Nafisa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah taimako nake nema, an ba mu jinga a kwas ɗin wasan kwaikwayo, malamin ya ce mu rubuta shafi biyar a kan jigon gaggawa a Romeo da Juliet, mu nuna yadda garajen masoyan ya kai su ga halaka. Na karanta wasan sau biyu, na farko da ƙyar don Turancin Shakespeare sai da ƙamus a gefe, na biyun kuma a hankali na bi shi ina rubuta ranaku a bangon littafin. Sun haɗu daren Lahadi, Litinin da rana an ɗaura aure, yammacin ranar Romeo ya kashe ɗan kawunta Tybalt, asubar Talata ya bar gari, kafin wata Lahadin ta zagayo dukkansu suna kabari. Da farko wlh haushinsu na ji. Amma da na zo kashi na uku fitowa ta biyar, inda babanta yake zaginta, sai na kasa ci gaba na kife littafin. Yanzu ban san ta ina zan kama ba, in bi maganar malam ko in rubuta abin da na ji a raina.

Abdul T/Wada:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata bi maganar malaminki don gaskiya ya faɗa. Duba Romeo ɗin nan tun farkon wasa, da safiyar Lahadi yana kuka yana rufe kansa a ɗaki saboda wata Rosaline, yana rantsuwa rana ba ta taɓa haska mai kyawunta ba. Ita ma ya je gani a bikin gidan Capulet, baban Juliet, fa. Yana shiga ya hango Juliet shi ke nan Rosaline ta zama labari. Ko Fada Laurence da ya je masa da asuba sai da ya ce masa hawayen da ka zubar don waccan bai gama bushewa a kumatunka ba, son samari a ido yake tsayawa. Wanda ya canja masoyiya tsakanin hantsi da isha'i ai ba sai an yi dogon bincike ba.

Maman Ilham:
Romeo kam ban ƙi taka ba Abdul. Amma kar a haɗa su a kwando ɗaya. Yarinyar nan shekara 13 gare ta, saura sati biyu da 'yan kwanaki ta cika 14, kuma a daren da suka yi zance ta taga ita ce da bakinta ta ce abin nan ya yi sauri da yawa, babu shawara a ciki, kamar walƙiya yake. Ita ce ta hana shi rantsuwa da wata don wata canjawa yake yi. Ita ce kuma ta ce in da gaske kake to aure, ka aiko min gobe da wuri da lokaci. Shi yana ta zuba kalamai ita tana tambayarsa ta ina ka shigo, katangar nan doguwa ce, in 'yan uwana suka gan ka kashe ka za su yi. Wacce ta fi hankali a cikinsu ita ce ƙaramar.

Abdul T/Wada:
To Hajiya in tana da hankalin me ya sa ba ta tsaya a kan maganarta ba? Ta ce ya yi sauri, ba a yi minti goma ba ta ce a ɗaura gobe. Sanin abu bai da amfani in ba a yi aiki da shi ba.

Maman Ilham:
Saboda a yammacin ranar mamarta ta gama faɗa mata Paris na neman aurenta, ta duba shi a wajen biki. Ta san agogo na tafiya a kanta. Ka taɓa ganin yarinyar da ta ji ana ƙus-ƙus ɗin sa ranarta a tsakar gida?

Malam Sabo:
Sannunku da muhawara. Nafisa, shekaru na yi ina koyar da wasan nan a sakandare, bari in ba ki abu ɗaya da zai buɗe miki hanya. Labarin ba Shakespeare ne ya ƙirƙire shi ba. A Italiya ya fara yawo, sannan wani Bature Arthur Brooke ya mayar da shi doguwar waƙa da Turanci a 1562, shekara biyu kafin a haifi Shakespeare. A wajen Brooke labarin wata tara ya ɗauka, masoyan sun yi watanni a matsayin miji da mata suna haɗuwa a ɓoye, Juliet ɗinsa kuma ta kusa 16. Shakespeare da ya ɗauko shi wajen 1595 sai ya matse wata taran nan ya koma 'yan kwanaki, ya kuma rage mata shekaru. Ke nan gaggawar da gangan ya saka ta, aikin zubi da tsari ce. Kuma Brooke a gabatarwarsa ƙiri-ƙiri ya ɗora laifi a kan yaran, ya ce sun bi son zuciya sun ƙi jin maganar iyaye. Shi kuwa Shakespeare a baitocin share fage 14 da ya buɗe wasan da su, tsohuwar gabar gidajen biyu, na su Romeo da na su Juliet, ya ambata da fushin iyaye da kuma taurarin ƙaddara. Tambayar da za ki yi wa kanki, wa da wa ke sauri a wasan? Ɗauki biro ki lissafa, za ki sha mamaki.

Bashir:
Malam na riga ta lissafawa, kuma sarkin gaggawa a wasan nan tsoho Capulet ne. Ran Lahadi Paris ya zo neman aure ya ce masa 'yata ba ta san duniya ba, a bari shekara biyu ta wuce, kuma ka nemi yardarta don yardata wani ɓangare ce kawai ta tata. Magana mai kyau ta dattijo. Litinin da daddare, gawar Tybalt ko sanyi ba ta yi ba, mutumin nan ya kira Paris ya ce na ba ka, yau wace rana? Litinin. Laraba ta yi kusa, a yi Alhamis. Ko a tambaye ta bai yi ba. Sannan Talata da ta dawo daga wajen Fada ta durƙusa ta ce ta tuba, murna ta ɗebe shi ya ce a dawo da shi gobe Laraba, matarsa tana cewa ba a gama cefane ba dare ya yi, ya ce shi zai kwana a tsaye ya yi aikin. Wannan kwana ɗayan da ya ja baya shi ya tilasta mata shan maganin da Fada ya ba ta don ta zama kamar ta mutu a daren Talata maimakon Laraba, ya rage lokacin kai wa Romeo saƙo a Mantua, garin da ya koma bayan an kore shi. Mutum mai furfura fa.

Abdul T/Wada:
Amma Bashir ka yi wa tsohon adalci, bai san tana da aure ba. Gani ya yi 'yarsa na ta kuka ba dare ba rana, ya ɗauka mutuwar Tybalt ce, yana so ya cire ta daga baƙin ciki. Kuma Paris ba tsohon banza ba ne, saurayi ne mai asali ɗan uwan sarkin gari. Wanda ya ɓoye ciwonsa ai ba zai ga laifin mai magani ba.

Nafisa:
Yaya Abdul fitowar da na ce ta tsayar da ni ke nan. Ba ta ce masa ba za ta yi biyayya har abada ba, a gwiwa take tana roƙon ya saurari kalma ɗaya. Ya ce in ba ta je coci ran Alhamis ba jan ta zai yi a ƙasa, ya ce hannunsa na ƙaiƙayi, ya ce ta je ta yi bara ta mutu da yunwa a titi ba ruwansa. Ta juya wajen mamarta ta ce a ɗaga wata ɗaya, ko sati ɗaya ma. Uwar ta ce kar ki min magana na gama da ke. Sai ya rage mai renonta, matar da ta shayar da ita, wadda tata 'yar Susan ta rasu ta mayar da Juliet kamar 'yar cikinta, wadda ita ta kai saƙon auren ita ta ɗauko tsanin igiya. Ita ma ta ce kawai ki auri Paris, Romeo tsumma ne a kusa da shi. Cikin fitowa ɗaya mutum uku suka rufe mata ƙofa. A nan ne na ji ba zan iya rubuta wai garajenta ya kashe ta ba.

Anti Rabi:
Ni ban yi karatun adabi ba, ɗiyata ce ta karanta min fassarar wurin nan da yamma muna gyaran wake, sai na ce ta sake karanta inda yarinyar ta ce ko sati ɗaya. Ina da ƙanwa da muka taso ɗaki ɗaya, tana aji huɗu aka sa mata rana da wanda ba ta so, ranar da ta je ɗakin Inna za ta yi magana ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da buta, Inna ko ɗagowa ba ta yi daga ninke kayan da take ba ta ce maganar nan ta wuce. Tun daga ranar ba ta ƙara faɗa wa kowa komai ba, har ni. Alhamdulillah tana raye tana da 'ya'yanta, amma auren bai yi shekara ba, kuma har yau in abu ya dame ta sai dai ki gani a fuska. Shi ya sa nake ganin ba soyayyar ce abin tsoro ba, ranar da yaro ya daina kawo miki magana ita ce.

Maman Ilham:
Allah sarki Anti. Allah ya ba ta sanyin zuciya.

Sani Injiniya:
Ni wanda na fi ganin laifinsa ba a ma taɓo shi sosai ba, Fada Laurence. Shi ne babba mai ilimi wanda gidajen biyu ke girmamawa. Da bakinsa ya ce a bi a sannu masu gudu su ke tuntuɓe, ya ce jin daɗi mai ƙarfi ƙarshensa mai ƙarfi ne, amma a yinin nan ya ɗaura musu aure ba waliyyi ba sanin kowa, wai don ya sasanta gaba. To in sulhu kake nema me ya hana ka fito ka faɗa bayan an ɗaura? Da Paris ya zo masa da zancen Alhamis ya san auren kan aure ne, nan ne wurin da zai tafi wajen sarki ko wajen Capulet ya ce ga abin da na yi. Maimakon haka ya ba yarinya ƙarama maganin da zai sa ta zama kamar gawa awa 42 a kai ta cikin kaburburan danginta kusa da gawar Tybalt. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, a ƙarshe ta farka mijinta na kwance a mace, ya ji motsin masu gadi ya ce ba zan iya tsayawa ba ya fita ya bar ta ita kaɗai da wuƙa a kusa.

Malam Sabo:
Injiniya ka taɓo wuri. Sai dai a lura, shirin nasa da ya tafi daidai da ya yi aiki. Wasiƙar da za ta sanar da Romeo shirin ya ba Fada John ya kai Mantua, shi kuma ya biya neman abokin tafiya a gidan da ake zargin annoba ta shiga, jami'an gari suka rufe ƙofa da su a ciki. Ɗalibaina na da can suna cewa wannan ai dabarar marubuci ce kawai, amma waɗanda na koyar bayan kullen korona na 2020 ba wanda ya yi gardama. Mutanen Landan ma da suka fara kallon wasan sun san abin, don annoba ta sa an rufe gidajen wasa kusan shekara biyu daga 1592 zuwa 1594. Ga shi kuma Balthasar yaron Romeo ba wanda ya tsare shi, ya hau doki ya riga kowa da labarin da ba daidai ba.

Issoufou Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu da Faransanci muka karanta shi a lise, wato sakandare, kuma abin da malaminmu ya fi tsayawa a kai shi ne farkon kashi na uku. Ya ce har zuwa nan wasan kamar na ban dariya yake tafiya, barori na tsokanar juna, mai reno na surutu, Mercutio abokin Romeo na barkwanci, ga aure an ɗaura. Mutuwar Mercutio ce ta juya shi. Kuma ku duba da kyau, a wurin Romeo bai yi gaggawa ba da farko, Tybalt ya zage shi a gaban jama'a ya haɗiye don ya san yanzu surukinsa ne. Mercutio ne ya ga haƙurin a matsayin abin kunya ya zare takobi. Romeo ya shiga tsakani rabo, ta ƙarƙashin hannunsa aka soki abokin. Sai ya ce kyawun Juliet ya mai da shi mace ya sassauta masa zuciya. Ke nan a lokacin da ya kashe Tybalt ba soyayya yake bi ba, ya ajiye ta ne ya bi abin da garin ya koya wa kowane namiji, cewa in ba ka rama ba kai ba kowa ba ne. Ni a ganina soyayyar ce ma take riƙe shi.

Bashir:
Wallahi wannan magana ce. Kuma har wasan ya ƙare ba a faɗi me ya haɗa gidajen biyu ba. Sarki Escalus cewa ya yi faɗa uku aka yi a gari a kan 'yar magana mara tushe. A wajen bikin ma da Tybalt ya gane muryar Romeo zai tada rigima, Capulet da kansa ya tsawatar masa ya ce rabu da shi, duk garin Verona na yabon yaron nan da natsuwa. Duk sanda na zo layin nan sai in ce ina ma Juliet ta ji shi.

Abdul T/Wada:
Na ji duk hujjojinku kuma na yarda manyan sun yi nasu. Amma ba zan bar Romeo ya fita salin alin ba. Balthasar ya ce masa ta mutu, tambaya ya yi ko akwai wasiƙa daga Fada, aka ce babu, shi ke nan bai ce bari in je in ji daga bakinsa ba. Kai tsaye wajen wani matalaucin mai haɗa magunguna ya nufa, ya san dokar Mantua kisa ce ga mai sayar da guba, ya yi amfani da yunwar mutumin ya danƙa masa zinare 40. Ya zo ya kashe Paris da ya kawo furanni kawai. Ya buɗe kabari ya ga leɓenta da kumatunta da ja, da bakinsa ya faɗa, amma bai tsaya ya yi tunani ba. Da ya zauna rabin awa yana kuka a wurin da ta farka a hannunsa. Kuma mu faɗi gaskiya saboda akwai yara a gidan nan, kashe kai ba soyayya ba ce, haramun ne a wajenmu, a addinin su Romeo ɗin ma babban zunubi ne, Fada ya faɗa masa haka tun ranar da aka kore shi ya zaro wuƙa a ɗakinsa.

Maman Ilham:
A nan kam ba mu da saɓani ko kaɗan Abdul. Kuma wasan bai ƙawata abin ba in aka karanta shi har ƙarshe, finafinai ne suke yanke wurare su bar kiɗa mai daɗi. A rubuce gawa uku ce a wuri ɗaya, jini a bakin ƙofa, iyaye an taso su da asuba. Sarki ya ce kowa ya sha hukunci, har shi da ya kau da kai ya rasa 'yan uwa biyu.

Sani Injiniya:
Sulhun ƙarshen ma ni bai kwanta min ba. 'Ya'yanku na kwance a gabanku, wannan ya ce zan yi wa 'yarka mutum-mutumin zinare, wancan ya ce ni ma zan yi wa ɗanka irinsa. Juliet ita kaɗai ta rage wa Capulet, shi ya faɗa tun farko cewa ƙasa ta haɗiye sauran. Gabar ta mutu ne don ba sauran wanda zai gaje ta.

Malam Sabo:
Nafisa ga shawarata a aikace. Kar ki yi faɗa da tambayar malaminki, ki faɗaɗa ta. Shafin farko ki ba shi abin da ya nema da hujjojin Abdul, Rosaline da gubar Mantua, don gaskiya ne suna cikin littafi. Sannan ki kawo jadawalin ranakun da kika rubuta a bangon littafinki, a gaban kowace rana ki sa wa ya yanke shawarar da ta matsar da lokaci. Ki kawo kwatancen Brooke a taƙaice. Kowace magana ki sa kashi da fitowa da lambar layi, malamin adabi ba ya ƙin ra'ayin da ya zo da shaida. Wani abu kuma, ki karanta haɗuwarsu ta farko da babbar murya ke da wata ƙawarki, layi 14 ne suka raba tsakaninsu suka zama waƙa guda, shi ya fara ita ta karɓe amsa-amon ta mayar masa. Na taɓa sa ɗalibai biyu suka karanta a gaban aji, wani yaro a baya da bai taɓa ɗaga hannu ba ya ce Malam ashe ita ma tana gwada shi ne. Wanda ya rubuta wurin nan bai ɗauki son nasu wasan yara ba, dole ki yi lissafi da wannan ma.

Abdul T/Wada:
In za ki sa hujjata ki sa da ƙarfinta dai ƙanwata, kar ki rage mata gishiri don ki rusa ta a shafi na uku.

Nafisa:
In sha Allah Yaya ba zan rage ba. Na gode muku gaba ɗaya, Anti Rabi maganarki ta zauna min. Yanzu na koma ina ƙirga waɗanda suka mutu don jadawalin, na samu biyar, Mercutio, Tybalt, Paris, Romeo, Juliet, sai na ga ashe shida ne. Maman Romeo. A fitowar ƙarshe mijinta ya shigo ya ce matata ta rasu cikin daren nan, baƙin cikin korar ɗanta ne ya tsayar mata da numfashi, layi biyu kawai aka wuce, ba wanda ya ce masa ko sannu. Na koma farkon wasan in ga me ta taɓa faɗa, sau biyu kacal ta yi magana a duk littafin kuma duk a fitowar farko. Ta riƙe mijinta ta ce ba za ka ɗaga ƙafa ka je neman abokin gaba ba, sannan ta tambayi Benvolio ɗan uwan Romeo ina Romeo, ka gan shi yau, na ji daɗi da ba ya wajen faɗan nan. Malam ita a wane layi zan sa ta a jadawalin, don ba ta yanke shawarar komai ba?

Malam Sabo:
Ki ba ta layinta ita kaɗai a ƙasa, ki bar gurbin shawarar ba komai. Yaushe ne ranar miƙawa?

Nafisa:
Alhamis Malam, kafin ƙarfe 12. Zan turo muku shafin farko gobe da daddare in an kawo wuta.